Daga Dandali Zuwa Dandamali: Waƙar Baka a Bukukuwan Al'adu na Hukuma

Tun daga shekarar 1970, watau shekarar da aka gama yaƙin basasa, gwamnatocin Nijeriya suka ɗauki shirya bukukuwan nuna al'adu a matsayin ɗaya daga cikin ayyukan hukuma. A wannan shekara ce aka fara bikin fasaha na ƙasa baki ɗaya. A 1975 aka kafa majalisar ƙasa mai kula da fasaha da al'adu, sa'an nan a 1977 aka yi gagarumin bikin baƙar fata na duniya da aka fi sani da FESTAC, wanda aka gudanar a Legas daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna. Daga nan jihohi suka ɗauka, kowace da hukumarta ta al'adu, da ƙungiyarta ta 'yan rawa, da kuma ranar da take tara makaɗa a filin wasa don a nuna wa manyan baƙi abin da aka gada.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan amfanin waɗannan bukukuwa wajen haɗa kan ƙasa da jawo baƙi 'yan yawon buɗe ido. Manufar wannan maƙala dabam ce. Abin da take son dubawa shi ne halin da waƙar baka ta Hausa take shiga idan aka ɗauke ta daga dandali aka ɗora ta a kan dandamali. Hujjar da za a kafa kuwa ita ce, mutanen da suka kewaye makaɗi a dandali suna cikin masu ƙaga waƙar da ake ji, saboda haka duk tsarin da ya zaunar da su nesa, ya ɗaure musu hannu da baki, to ya rage wa waƙar kanta wani sashe na jikinta. Wannan magana ta shafi masu shirya biki, amma ta fi shafar malamai da ɗalibai, domin yawancin abin da ake ɗauka a kai aji a yau, daga irin wannan zama aka samo shi.

Abin da dandali yake yi wa waƙa

Kafin a shiga batun bukukuwan hukuma, ya kyautu a tuna yadda kiɗa yake zaune a ƙasar Hausa. Littafin David Ames da Anthony King na 1971, wanda ya tattara kalmomin kiɗan Hausa, bai iya bayyana kayan kiɗa ba sai da ya haɗa kowanne da wurin da ake kaɗa shi da mutanen da ake kaɗa wa. Ba wata dabara ce ta marubutan ba. Haka abin yake. Kalangu yana da mahauta da 'yan dambe da 'yan mata. Kotso da taushi da jauje na sarauta ne. Gangar noma tana da gayya. Ƙwarya ta mata ce a cikin gida. Tambari ba ya fita sai don sarki. Kowane kiɗa yana da masu shi, kuma a gabansu ake yin sa, a lokacin da suke cikin aikin ko shagalin da ya haife shi.

Idan aka dubi filin da ake irin wannan kiɗa, za a ga siffarsa kusan ɗaya ce ko'ina: da'ira. Jama'a sun kewaye, makaɗa suna gefe guda a cikin da'irar, tsakiya a buɗe take ga duk wanda aka kira takensa ko aka tsima shi. Jagora yana ganin fuskar kowa. Ya san wanda ya shigo yanzu, ya san wanda ya tashi zai fita, ya san abokan gaba biyu da suka zauna suna hararar juna. 'Yan amshi suna riƙe masa gindin waƙa, wanda ke ba shi sarari ya numfasa ya kuma shirya ɗan da zai biyo baya. Sanƙira kuwa, ko maroƙin baki, yana yawo tsakanin jama'a da makaɗa, yana shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar, yana tuna wa jagora asalin wane da sunan kakansa. C.G.B. Gidley ya nuna tun a 1975 cewa wannan roƙo sana'a ce mai ƙa'idojinta. Abin da ya kamata a ƙara a kai shi ne, sanƙira shi ne hanyar da labarin fili yake bi ya shiga cikin waƙa. Mutum ya taso ya yi liƙi, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa, jagora ya kama sunan ya saƙa shi a ɗan waƙa, jama'a su yi sowa, wani kuma kishi ya motsa shi ya taso. Haka ɗiyan waƙa suke haifar juna.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a waƙoƙin maza. Waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace na Shago da na Ɗandunawa, waɗanda yau ake karantawa a takarda ana fitar da adon harshe a cikinsu, an yi su ne don su sa mutum ya ɗaure hannu ya shiga fili ya tari wani. Ambaton mutuwa da lahira da maƙabarta da ya cika su yana da aiki: cire wa ɗan dambe tsoro a daidai lokacin da abokin karawarsa yake tsaye a gabansa. Ma'aunin kyan irin wannan waƙa a wurin masu ita shi ne ko ta tsima wanda aka yi wa ko ba ta tsima shi ba. Haka abin yake ga waƙoƙin Kassu Zurmi na 'yan tauri, haka kuma ga kiɗan gayya, inda makaɗi yake bin manoma kunya-kunya yana zuga wanda ya wuce gaba yana yi wa na baya ba'a.

Waƙar fada ma, wadda ake ɗauka ta fi kowace zama shiryayya, ba ta tsira daga wannan ba. Gaskiya ne makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sukan zauna da yaransu su ƙulla waƙa a gida, su maimaita ta har ta zauna, kafin su kai ta gaban ubangida. To amma zambo da habaicin da ke cikinta ba su da gishiri sai an rera su a inda wanda ake nufi yake zaune, ko kuwa inda waɗanda suka san shi suke. Makaɗi bai faɗi suna ba, ya dai siffanta wani ɗan sarki da wata dabba ko wata tawaya. Fadawa sun gane, sun sunkuyar da kai suna murmushi, wanda aka soka ya sani an sani. M.G. Smith, a nazarinsa na 1957 a kan roƙo, ya lura da cewa wannan sana'a tana daga cikin hanyoyin da al'umma take tabbatar da darajar mutane da matsayinsu. Idan haka ne, waƙar sarauta shari'a ce ake yankewa a bainar jama'a, kuma ba a yin shari'a babu masu ƙara a zaune.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne ya kai wannan hali matuƙa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nazarinsa a kundin digirinsa na uku a 1975, kuma duk wanda ya saurari Bakandamiyarsa a ɗauka biyu ko uku ya san ba ta taɓa fitowa iri ɗaya. Amshinsa gajere ne, sau da yawa layi guda, kiɗan kalangun a tsaye yake ba ya sauyawa, duk nauyin yana kan abin da zai faɗa nan take, kuma abin da zai faɗa yana fitowa ne daga abin da idonsa ya gani a wurin.

Abin da dandamali yake ragewa

To, a bikin hukuma siffar fili ta sauya. Da'ira ta zama layi biyu masu fuskantar juna. A gefe guda ga rumfar manyan baƙi da kujeru a jere, a ɗaya gefen ga dandamali da lasifika, a tsakani ga fili fetal wanda 'yan sanda da dogarai suke tsaro kada kowa ya ratsa. Talakawan gari, waɗanda su ne masu kiɗan na asali, suna can bayan igiya ko bayan waya. Makaɗi yana jiran a kira shi bisa tsarin da aka buga a takarda, bayan jawabin wane kafin jawabin wane. In ya hau, an ba shi 'yan mintoci, mai gabatarwa yana tsaye yana duban agogo.

Abu na farko da yake faɗuwa shi ne lokaci. Waƙar baka tana da zafi da take ɗauka a hankali. Makaɗa sukan fara da share fage, su gaisa da masu wuri, kiɗa ya daidaita, murya ta buɗe, sa'an nan a shiga gangariyar waƙa. Wanda aka ce ya gama cikin minti biyar ko goma ba shi da zaɓi sai ya tsallake duk wannan, ya ɗauko gindin waƙar da aka fi saninsa da ita, ya jera ɗiya uku ko huɗu da ya haddace, ya sauka. Abin da aka ji samfur ne, irin ɗan ƙyallen da mai shago yake nunawa a madadin turmi.

Na biyu shi ne ubangida. A dandali iyayen gida suna da yawa, kuma kowa yana iya zama ubangida na ɗan lokaci in ya miƙa hannu. A bikin hukuma ubangida ɗaya ne, shi ne wanda ya ba da kuɗin shiri, kuma an riga an yanke ladan makaɗi a ofis tun kafin ya taɓa ganga. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da waƙoƙin irin wannan taro suka koma abu guda: maraba da baƙi, godiya ga gwamna, kira ga zaman lafiya da haɗin kai. Waɗannan jigogi ba su da laifi. Laifin shi ne makaɗin noma da na dambe da na fada duk sun zo sun faɗi magana ɗaya, alhali abin da ya sa aka gayyato su shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Zambo kuwa ya mutu murus, domin babu mai hankalin da zai yi wa wani babba habaici a lasifika a gaban gwamna. Sanƙira ya zama ba shi da aiki, mai gabatarwa ya gaje wurinsa, shi kuwa ba ya kawo wa jagora labarin kowa, sai dai ya gaya masa lokaci ya ƙare.

Na uku, wanda ya fi sauran ɓarna a ɓoye, shi ne alƙalanci. Da yawa daga cikin waɗannan bukukuwa gasa ce tsakanin ƙananan hukumomi ko tsakanin jihohi, ana ba da maki ana ba da kofi. Abin da alƙali zai iya aunawa daga kan kujera shi ne abin da ido yake gani: kayan sawa iri ɗaya, shiga da fita cikin tsari, daidaituwar ƙafa. Don haka masu horar da ƙungiyoyi suka koma ga rawa, suka bar magana. Gaɗar 'yan mata, wadda a dandalin ƙauye fage ce ta habaici tsakanin tsara da tsokanar samari da kukan auren dole, ta koma jerin 'yan makaranta masu anko suna tafi a layi. Bori ya koma kwaikwayon faɗuwa, mai garaya yana kaɗa taken iska babu wanda ake sa ran za ta hau. Ba a cewa a kawo bori na gaske gaban gwamna. Ana dai cewa wanda ya ga wannan kada ya rubuta cewa ya ga bori.

Akwai makaɗin da dandamali bai rage shi da kome ba, kuma dubansa yana ƙara haske. Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake waƙa da kuntiginsa, babu 'yan amshi, babu sanƙira. Fitattun waƙoƙinsa, irin su ta Karen Mota da Jawabin Aure, ba su dogara da wani ubangida da ke zaune a wurin ba. Hoton halin mutane ne wanda kowa zai ji ya gane, ko a Jos ko a wata ƙasa. Suna da farko da ƙarshe, ana iya rera su cikin 'yan mintoci su cika. Wannan ne ya sa ya dace da zauren taro da rediyo da tafiye-tafiyen wakiltar ƙasa fiye da kowa a zamaninsa. Ba rage masa daraja ba ne a faɗi haka, gwani ne na ƙarshe a fanninsa. Abin lura shi ne dandamali yana tankaɗe, yana zaɓen irin waƙar da ta dace da shi ya ɗaukaka ta, sauran kuwa ya nuna su a gurguje. Barmani Coge, wadda ta rasu a 2013, misali ce ta ɗaya ɓangaren. Ta hau dandamali sau da yawa kuma ta burge, amma amada kiɗa ne na taron mata a cikin gida, inda ake sakin baki a kan kishiya da miji da sana'a, mata suna tashi suna taka rawa suna mayar da magana. Gaban taron maza masu manyan riguna, dole wani abu ya koma ciki.

Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa ana ganin tsarin biyu gefe da gefe. Asalinsa al'adun ruwa ne na Kabawa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda suka daɗe kafin zuwan Turawa. Siffarsa ta yanzu kuwa ana danganta ta da shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa, abin da ya zama alamar ƙarshen doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. Ke nan tun ranar farko akwai babban baƙo a cikin lissafi, kuma ba daidai ba ne a ce hukuma ce ta zo daga baya ta ɓata wani abu da ba ruwansa da sarauta. Daga wajen 1970 gwamnati ta shigo da ƙarfinta, aka ƙara nunin amfanin gona da wasanni iri-iri, bikin ya zama na kwana huɗu. Ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai a watan Maris na 2020. A tsakanin nan ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, watau an karrama shi a lokacin da ba a yin sa. (Irin wannan ya sake faruwa ga hawan sallar Kano, wanda aka sa a jerin a Disambar 2024, shekarar da rikicin sarauta ya hana a yi hawan babbar salla.)

A ranar kamun kifi, a Matan Fada, kiɗa yana nan da ransa. Sarkin Ruwa ya gama nasa aiki, an harba bindiga, dubban masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora, makaɗa kuwa suna cikin jirage a tsakiyarsu suna kaɗawa. Wannan kiɗa yana da aikin yi: yana zuga masu su, hayaniyarsa tana firgita kifi, kuma wanda ya rungumo giwan ruwa yana jin ana kiɗa a kansa tun bai fito gaɓa ba. A 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78; mutumin da yake kokawa da irin wannan dabba a cikin ruwa da hannunsa bai bambanta da ɗan dambe ba wajen bukatar mai tsima shi. Haka nan a wasannin kabanci, watau tseren jirage da nutso da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu, da kuma a filin dambe da kokawa, jama'a suna da gwani, suna da abin da suke tsoron ya faɗi. Babu wanda ya tsara wa makaɗi abin da zai ce, domin babu wanda ya san wanda zai yi nasara.

Da an koma zaman dare na nuna al'adu kuwa, inda ƙungiyoyi suke hawa ɗaya bayan ɗaya a gaban rumfa, sai a koma ga abin da aka bayyana a sama. Gari ɗaya, mako ɗaya, wani lokaci ma makaɗan ɗaya ne, amma da rana suna aiki, da dare suna nuna yadda ake aikin. Wannan ƙasa ce da ta san makaɗan fada irin su Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani, ta kuma san Gambo mai waƙar ɓarayi, wanda ba a iya tunanin yadda za a tsara shi a takardar shirin biki. Abin da Argungu take koyarwa shi ne girman taro da zuwan baƙi da sa hannun gwamnati ba su ne suke kashe kiɗa ba. Muddin akwai wani abu da ake yi na gaske wanda ba a san ƙarshensa ba, kiɗan yana tsayawa da ƙafarsa ko da shugaban ƙasa yana zaune.

Ana samun ƙarin shaida daga Jamhuriyar Nijar. Gasar kokawa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975 a zamanin Seyni Kountché, Kantu na Maradi ya ci ta farko, hukuma ce ta ƙirƙire ta, ita take ba da takobi, ita take zagayawa da ita jiha-jiha. Duk da haka filin da'ira ne, makaɗa suna ciki, 'yan kokawa suna kirari da bakinsu, 'yan cali-cali suna kwaikwayon waɗanda aka kayar suna ba mutane dariya, masu kyauta suna bayarwa ana shela. Gidajen dambe na birane, irin na Kano da na Dei-Dei a Abuja, su ma ana biyan kuɗi a ƙofa, ana ɗauka ana sawa a YouTube, amma ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada suna nan, mai kalangu yana kiran take, ɗan wasa yana tsima. Ashe kuɗin ƙofa ma ba shi ne matsalar ba.

Ba za a yi adalci ba in ba a faɗi abin da bukukuwan hukuma suka tsare ba. Makaɗi a al'adar Hausa mutum ne da ake so a ji, ba a so a haɗa zuri'a da shi, kuma kiran da gwamnati ta yi masa ta zaunar da shi a matsayin wakilin jiha ya taimaka wajen sauya wannan kallo. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 bai faɗo daga sama ba. Sa'an nan shi kansa dandalin yana janyewa. Daga shekarar 2000, da jihohi da dama suka ƙaddamar da shari'a, an taƙaita kiɗan dare a wurare masu yawa. A gidajen biki mai fiyano da mai sa faifai sun karɓe wurin mai kalangu. Rashin tsaro a Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, watau ainihin ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Kassu Zurmi, ya sa taron dare a ƙauye ya zama kasada. Akwai kiɗe-kiɗen da yaron birni ba zai taɓa gani ba in ba a bikin hukuma ba. Wannan kuwa shi ne dalilin da ya sa tsarin bikin ya zama abin damuwa, da a ce dandali yana nan da ƙarfinsa da ba kome.

Abin da ya shafi manazarta

Ɗalibin da zai rubuta kundi a kan wani makaɗi yakan nemi waƙoƙinsa a ɗakin ajiya na gidan rediyo, ko a kaset, ko a waya. Mafi yawan waɗannan an ɗauke su ne a ɗakin ɗaukar murya ko a kan dandamali. Ya juye su a takarda, in ma akwai muryar sanƙira ko guɗa ko sowa a ciki sai ya tsallake, don a ganinsa ba sa cikin matani. Daga nan ya ɗora nazarin turke da tubalai da salo. Hanyar nazarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka ta tanadi wurin bayanin yadda aka rera waƙa da lokacin da aka yi ta da wanda aka yi wa, amma a kundaye da yawa wannan sashe layi biyu ne, ana cika shi don a wuce. Sakamakon haka sai a riƙa yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Za a ce makaɗi ya cika maimaici, alhali a fili yana maimaita layin ne don mai liƙi bai gama ba. Za a ce ya yi tsalle daga yabo zuwa zambo babu dalili, alhali wani ne ya shigo. Za a ce waƙar ba ta da tsari, don an auna ta da ma'aunin rubutacciyar waƙa mai baiti da ƙafiya, wadda marubucinta ya san ƙarshenta tun kafin ya karanta wa kowa.

Gyaran da ake bukata a nan ba mai tsada ba ne. Duk waƙar da za a kawo a kundi a faɗi inda aka ɗauke ta, ko fada ce, ko gidan biki, ko filin dambe, ko ɗakin rediyo, ko bikin hukuma, kuma a ɗauki wannan bayani da muhimmancin da ake ba sunan makaɗin. Maganar sanƙira a rubuta ta a inda ta faɗo. Inda aka sami ɗauka biyu na waƙa ɗaya, ɗaya a fili ɗaya a dandamali, a jera su a kwatanta ɗa da ɗa, a ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan kaɗai ya isa kundin digiri na biyu, kuma waƙoƙin Shata da na Ɗanƙwairo suna da irin waɗannan ɗauka da yawa a hannun jama'a. Su kuwa malaman jami'a da ake gayyata su zauna a kwamitin shirya biki ko a teburin alƙalai, suna da bakin da za su ce a ware wa makaɗa fili a ƙasa ba a kan katako ba, a bar jama'a su kewaye, a bar mai kyauta ya ratsa ya yi liƙi, a kuma tara makaɗan noma a gona lokacin damina maimakon a filin ƙwallo a watan Disamba.